Darasi na Tara: Safiya a Barkin Sale

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibai za su iya:

1. bambanta lokaci sabau da lokaci mai ci;
2. bayyana ayyukan da suka saba yi da safe cikin jimloli ingantattu;
3. kore kowane ɗaya daga lokutan nan biyu, da yin tambaya da su;
4. gane wuraren da Turanci ke amfani da lokaci na yanzu, Hausa kuwa ta ɗauki shuɗaɗɗen lokaci.

GABATARWA

Yawancin masu koyon Hausa a makaranta sun riga sun yi nisa a Turanci. A darasin Turanci an koya musu cewa lokutan aikatau uku ne: wanda ya wuce, da na yanzu, da mai zuwa. Idan suka zo ga Hausa sai su nemi kalma ɗaya da za ta tsaya musu a madadin lokaci na yanzu. Galibi “ina” suke kamawa, su riƙa liƙa ta a kowace jimla. Daga nan ne ake jin irin su “Ina gaji” da “Ina ci tuwo”, waɗanda ba Hausa ba ne.

Kafin Bahaushe ya zaɓi lokacin aikatau, halin da aikin ke ciki yake dubawa. Shin an saba yin aikin ne? Ko ana cikin yinsa? Ko kuwa ya kammala, sakamakonsa ya tabbata? Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da tasa siga. Ayyukan safe sun dace da koyon wannan bambanci, domin abin da mutum ya yi jiya da safe shi yake yi yau, shi kuma zai yi gobe in Allah ya kai mu. Ku karanta bayanan nan biyu da murya, kuna lura da kalmomin da ke zuwa kafin aikatau.

KARATU NA ƊAYA: YADDA GARI KAN WAYE A BARKIN SALE

Barkin Sale unguwa ce a cikin Minna, babban birnin Jihar Neja, a Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Tana kusa da unguwannin Kpakungu da Sauka Kahuta. Minna ta fara bunƙasa ne tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka mai da garin hedikwatarta. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, amma jirgi da aikin gwamnati da kasuwanci sun tara Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo da wasunsu wuri ɗaya. A cikin gida kowa yakan yi harshensa. A bakin famfo da wurin mai ƙosai kuwa, sau da yawa Hausa ce takan haɗa mutane.

Tun kafin gari ya yi haske ladanai kan kira sallar asuba. Magidanta da samari sukan tashi su yi alwala, su nufi masallaci. Mata sukan yi tasu sallar a gida, sannan su hura wuta. A gidajen Kiristoci ma akan tashi da wuri, iyali su taru su yi addu'ar safe. Bayan haka yara sukan je su durƙusa su gai da iyayensu, kowa ya kama aikin da aka ba shi. 'Yan mata sukan share tsakar gida, su wanke kwanonin jiya. Yara maza sukan share ƙofar gida, su ba awaki dusa, su kwance kaji.

Babban aikin safe shi ne neman ruwa. Madatsar ruwa ta Tagwai ce ke shayar da birnin, ta hanyar matatar ruwa da ke Chanchaga. Ranar da famfo ya kawo, akan jera bokitai da jarkoki tun da duku-duku, kowa ya jira layinsa. Ranar da bai kawo ba, akan je rijiya ko rijiyar burtsatse. Mai hali yakan jira 'yan ga-ruwa, waɗanda sukan turo kura cike da jarkoki, su bi lungu-lungu suna sayarwa.

Karin kumallo ya danganta da ƙarfin gida. Wasu sukan sha koko da ƙosai, wasu su ci waina, wasu kuma ɗumamen tuwon jiya. Da yake Jihar Neja ƙasar doya ce, dafaffiyar doya da soyayya ba sa wuyar samu, musamman da kaka. Gwauraye da leburori sukan zauna a teburin mai shayi, su sha shayi da burodi, su taɓa hira kafin su watse.

Da misalin ƙarfe bakwai titi yakan cika. Ma'aikata sukan tari Keke Napep zuwa ofisoshinsu. 'Yan kasuwa sukan nufi Kasuwar Kure don su buɗe shaguna. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya sukan je Kpakungu su hau motar Gidan Kwano, a kan hanyar Bida. Akan ga matan Gbagyi sun shigo daga ƙauyuka da itace ko doya. Bisa al'adarsu, a kafaɗa sukan ɗora kaya, ba a ka ba.

Yanayi yakan sauya tsarin safiya. Da hunturu, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, yara sukan yi nauyin tashi, sai an ɗumama musu ruwan wanka. Da bazara zafi yakan kori kowa daga ɗaki tun da asuba. Da damina kuwa ruwan safe yakan tsare mutane a gida, lunguna su yi taɓo, ɗalibai su isa makaranta a jiƙe.

KARATU NA BIYU: ƊALIBA NA FAƊIN ABIN DA TAKE GANI

Yau Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata. Ina tsaye a ƙofar gidanmu, ina jiran ƙanena. Ni na shirya, shi kuwa har yanzu yana neman takalminsa. A tsakar gida Umma tana dama koko, yayata tana wanke kwanoni. Baba yana zaune a zaure, yana sauraron labaran safe a rediyo. A bakin titi mai ƙosai tana suya, yara uku suna tsaye da kwanoninsu. Wani ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa, yana gumi tun rana ba ta yi zafi ba. Mai shayi yana yanka burodi, yaronsa yana fifita wuta. Maƙwabcinmu ne ke ƙoƙarin ta da babur ɗinsa, shi ya sa hayaƙi ke tashi. Ga wata Keke Napep can tana tahowa, amma ta cika maƙil. Rana ta fito, gari ya waye sarai. Ba ma son mu makara, domin ƙarfe takwas saura kwata ake taron safe a makarantarmu. Ga ƙanena nan yana fitowa da gudu, yana riƙe da ƙosai a hannu.

SABABBIN KALMOMI

ladan: mai kiran salla a masallaci
magidanci: namiji mai iyali, jam'insa magidanta
duku-duku: sassafe, kafin gari ya yi haske sosai
dusa: ɓawon hatsi da ake fitarwa wajen surfe, ana ba dabbobi
kura: amalanken hannu da ake turawa, ba dabbar daji ake nufi a nan ba
ɗan ga-ruwa: mai sayar da ruwa gida-gida
ɗumame: tuwon da ya kwana, aka sake ɗora shi a wuta da safe
gwauro: namijin da ba shi da mata
makara: isa wuri bayan lokacin da aka ajiye
maƙil: cika ƙwarai, har babu sauran wuri

NAHAWU

1. Lokaci sabau

Karatu na ɗaya bai ba da labarin wata safiya guda ba. Ya faɗi abin da aka saba yi ne a kowace safiya. Irin wannan shi ake kira lokaci sabau, daga kalmar “sabo”. Alamarsa ita ce “kan”, kuma ana rubuta ta haɗe da wakilin suna:

ni: nakan tashi
kai: kakan tashi
ke: kikan tashi
shi: yakan tashi
ita: takan tashi
mu: mukan tashi
ku: kukan tashi
su: sukan tashi
wanda ba a ambata ba: akan tashi

Idan suna ya gabata, ana iya sauke wakilin suna a bar “kan” ita kaɗai. “Ladan yakan kira salla” da “Ladan kan kira salla” duk daidai ne.

Idan ayyuka suka biyo juna, ba a maimaita “kan”. Aiki na farko kaɗai ke ɗaukarta. Sauran sukan zo da gajerun wakilan suna: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Misali:

Nakan tashi da asuba, in yi salla, in gai da iyayena.
Takan share tsakar gida, ta wanke kwanoni, ta yi wanka.
Akan jera bokitai, a jira ruwa.

Ku lura da wani abu mai muhimmanci. Idan ba a ambaci lokaci ba, “kan” tana iya nufin jefi-jefi. Wanda ya ce “Nakan je Kasuwar Kure” bai ce kullum yake zuwa ba. Don haka mai son a fahimce shi sarai sai ya ƙara kalma irin su kullum, kowace safiya, ran Litinin, wani lokaci, ko sau biyu a mako.

2. Lokaci mai ci

Karatu na biyu ya faɗi abin da ake cikin yinsa a daidai lokacin da ɗalibar ke magana. Wannan shi ne lokaci mai ci, wasu littattafai kuma suna kiransa lokaci na yanzu. Alamarsa ita ce “na”, haɗe da wakilin suna: ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, ana.

Da shi ne kuma ake faɗin yadda jiki yake a wuri, ko abin da mutum ke riƙe da shi: ina tsaye, yana zaune, tana kwance, suna riƙe da kwanoni. Haka nan mallaka da so da abin da jiki ke ji: ina da littafi, tana son waina, muna jin yunwa.

Idan aka haɗa shi da “kullum”, lokaci mai ci yana iya ɗaukar ma'anar al'ada. “Kullum ina tashi da asuba” Hausa ce mai kyau, kuma a bakin mutane ta fi yawa. Amma akasin haka ba ya yiwuwa. Ba a cewa “Yanzu haka nakan yi wanka” idan ana nufin ana cikin wankan.

Kada a rikita “ina” ta lokaci mai ci da “ina” ta tambaya. Rubutunsu ɗaya ne, karin sautinsu dabam. Ta cikin “Ina zuwa” tana farawa da karin sama ta sauka ƙasa. Ta cikin “Ina kwana?” da “Ina Baba?” tana farawa da karin ƙasa ta hau sama. Ku saurari malaminku ya furta su, ku maimaita.

3. Sigar aikatau bayan “kan” da bayan “na”

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Bayan “kan” aikatau ne ke zuwa. Bayan “na” kuwa sunan aiki ne ke zuwa a mafi yawan lokuta. Ku kwatanta:

(a) Gajerun aikatau irin su ci, sha, ji, bi, yi suna ɗaukar -n idan karɓau ya biyo:
Nakan sha koko. Ina shan koko.
Yakan ci waina. Yana cin waina.

(b) Aikatau irin su saya, ɗauka, nema, tambaya suna sauya ƙarshensu a duka lokutan biyu:
Takan sayi ƙosai. Tana sayen ƙosai.
Yakan ɗauki jaka. Yana ɗaukar jaka.
Mukan nemi ruwa. Muna neman ruwa.

(c) Aikatau irin su share, wanke, dafa, buɗe, kawo ba sa sauyawa idan karɓau ya biyo. Idan babu karɓau, sai su ɗauki -wa a lokaci mai ci:
Takan share ɗaki. Tana share ɗaki. Tana sharewa.
Sukan kawo ruwa. Suna kawo ruwa. Suna kawowa.

(d) Wasu kaɗan sai an haddace su:
Nakan je. Ina zuwa.
Yakan zo. Yana zuwa.
Mukan tafi. Muna tafiya.
Sukan ga malam. Suna ganin malam.

(e) Kalmomi irin su wanka, salla, barci, karatu, shara, aiki sunaye ne. Lokaci mai ci yana karɓarsu kai tsaye, amma lokaci sabau sai da “yi”:
Ina wanka. Nakan yi wanka.
Tana karatu. Takan yi karatu.

4. Inda “na” ke komawa “ke”

Lokaci mai ci yana da siga ta biyu: nake, kake, kike, yake, take, muke, kuke, suke, ake. Ana amfani da ita a wurare uku.

Na farko, bayan kalmomin tambaya: Me kike yi? Wa ke kuka? Ina kuke zuwa? Yaushe ake taron safe?

Na biyu, idan aka ciro wata kalma aka sa ta a farkon jimla don a ƙarfafa ta: Koko nake sha, ba shayi ba. Da asuba muke tashi. Maƙwabcinmu ne ke ta da babur.

Na uku, bayan “da” da “wanda” da danginsu: yarinyar da take shara, mutanen da suke jiran mota.

Lokaci sabau ba shi da wannan wahala. Sigarsa ɗaya ce a ko'ina: Me kakan ci da safe? Waina nakan ci.

5. Korewa

Ana kore lokaci sabau da “ba” biyu, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe: Ba nakan sha shayi ba. Ba sukan makara ba.

Ana kore lokaci mai ci da “ba” ɗaya tak, mai dogon wasali: ba na, ba ka, ba kya, ba ya, ba ta, ba ma, ba kwa, ba sa, ba a. Misali: Ba na shan shayi. Ba ma zuwa makaranta ran Asabar. A daidaitacciyar Hausa ba a ƙara wata “ba” a ƙarshen irin wannan jimla.

A maganar yau da kullum, korewa ta biyu ita aka fi ji, ko da al'ada ake nufi. Mai son ya ce abu ba safai yake faruwa ba, sai ya ce: “Ban cika shan shayi ba.”

6. Kwatanci da Turanci

Turanci ma ya raba al'ada da aikin da ake ciki. She sweeps the room ya yi daidai da “Takan share ɗaki”, She is sweeping the room kuma ya yi daidai da “Tana share ɗaki”. Wanda ya riƙe wannan bambanci a harshe ɗaya ya sami rabin aikin a ɗayan. Sai dai akwai wurare uku da harsunan suka saɓa.

Na farko, a Turanci jikin aikatau ake yi wa ƙari. Ana liƙa masa harafin s idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake magana a kansa, ana kuma liƙa masa ing a aikin da ake ciki. A Hausa wakilin suna ne ke ɗauke da alamar lokaci, kuma shi ne ke nuna jinsi. Kalmar you guda ɗaya ta ishi Bature, amma a Hausa dole a zaɓa tsakanin kana, kina da kuna. Wanda ya ce wa malama “kana” ya yi kuskuren da kowa zai ji.

Na biyu, Turanci yana buƙatar do ko does wajen tambaya da korewa. Hausa ba ta da irinsu. Ana barin jimla yadda take a ɗaga murya a ƙarshe, ko a fara da “shin” ko “ko”: Kina shan koko? Shin kukan yi shara da safe?

Na uku shi ne mafi girma. Akwai halaye da yawa da Turanci ke faɗa da lokaci na yanzu, Hausa kuwa tana ɗaukarsu a matsayin abin da ya riga ya auku, sakamakonsa ne ake gani. Inda Bature zai ce I am tired ko I know, Bahaushe shuɗaɗɗen lokaci zai ɗauka: na gaji, na sani. Haka kuma: na ƙoshi, na shirya, na gane, na yarda, na gode, na makara. A karatu na biyu an ce “ta cika maƙil” da “gari ya waye”, alhali kuwa a lokacin ne ɗalibar ke ganin abin. Idan aka sa irin waɗannan kalmomi a lokaci mai ci, ma'ana takan sauya. “Na shirya” yana nufin a tafi. “Ina shiryawa” yana nufin a ɗan jira.

7. Abin da kuskure ke jawowa

Zaɓen lokaci bai tsaya a kan samun maki a jarrabawa ba. Uwa ta kai ɗanta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta abin da ke damunsa. Idan ta ce “Yana tari”, ciwon da ake ciki ta faɗa. Idan ta ce “Yakan yi tari da safe”, ta nuna abu ne da ya daɗe yana dawowa, kuma tambayoyin da za a yi mata za su bambanta. Haka nan “Ya sha magani” da “Yana shan magani” da “Yakan sha magani” labari uku ne dabam-dabam. A wurin mai ƙosai, “Yana ƙarewa” gargaɗi ne ka yi sauri, “Ya ƙare” kuwa sai dai gobe.

TATTAUNAWA: A BAKIN ƘOFAR MAKARANTA

Ɗalibi: Malam, ina kwana?
Malam: Lafiya lau. Kai, ƙarfe nawa yanzu?
Ɗalibi: Takwas da kwata, Malam. A yi mini haƙuri, nakan makara.
Malam: Kakan makara? To, madalla, ka faɗa da bakinka. Sau nawa a mako?
Ɗalibi: A'a, Malam, yau kaɗai ne. Ban taɓa yi ba.
Malam: In yau kaɗai ne, “na makara” za ka ce. Da ka ce “nakan makara”, ai ka shaida wa kanka cewa halinka ne, hukuncin kuwa ba ɗaya ba ne.
Ɗalibi: Na gane, Malam. Na makara.
Malam: Me ya tsare ka?
Ɗalibi: Famfo bai kawo ruwa ba, kuma Umma ba ta jin daɗi. Ni na je rijiyar burtsatse.
Malam: Allah ya ba ta lafiya. Wa yakan ɗebo ruwa a gidanku?
Ɗalibi: Amin, Malam. Yayana ne yakan ɗebo, amma yanzu yana Bida, yana karatu.
Malam: To, ƙarfe nawa kake tashi?
Ɗalibi: Nakan tashi biyar da rabi, in yi salla, in yi shara, in yi wanka.
Malam: Wannan jimla ta yi kyau. Wuce aji, ana darasi.
Ɗalibi: Na gode, Malam.

KARIN MAGANA

Karin magana gaskiya ce da aka daɗe ana gani, don haka lokutan nan biyu sun yi yawa a cikinta. Ku nemo alamar lokaci a kowace, ku faɗi ma'anarta da taimakon malaminku:

1. Da sanyin safiya ake kama fara.
2. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.
3. Ruwa ba ya tsami banza.
4. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

AIKI

A. Amsa waɗannan tambayoyi da cikakkun jimloli.
1. A wace ƙaramar hukuma Barkin Sale take?
2. A wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Neja?
3. Me akan yi ranar da famfo bai kawo ruwa ba?
4. Yaya matan Gbagyi sukan ɗauki kaya?
5. Me Baba yake yi a zaure?
6. Don me malam ya ce wa ɗalibin ya shaida wa kansa?

B. Cike gurbi da sigar da ta dace.
1. Kowace safiya Umma ______ dama koko. (ita, sabau)
2. Dubi! Yara ______ gudu zuwa makaranta. (su, mai ci)
3. Me ______ ci yanzu? (ke, mai ci)
4. Ran Lahadi ______ yi wanki, ______ yi guga. (mu, sabau)
5. Doya ______ dafawa, ba shinkafa ba. (ni, mai ci)

C. Mayar da waɗannan jimloli daga lokaci sabau zuwa lokaci mai ci.
1. Nakan ci ɗumame.
2. Yakan sayi burodi.
3. Mukan je rijiya.
4. Takan yi alwala.
5. Sukan fito.

D. Kore waɗannan jimloli.
1. Kina jin sanyi.
2. Akan buɗe shago da asuba.
3. Muna jiran mota.
4. Yakan makara.

E. Kowace jimla a nan tana da kuskure ɗaya. Gano shi, ka gyara.
1. Ina gaji.
2. Tana sha koko.
3. Nakan wanka da ruwan zafi.
4. Me kana yi?
5. Umma yana dafa doya.
6. Yakan sayen ƙosai.
7. Ba na shan shayi ba.

F. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya kwaikwayi wani aikin safe ba tare da magana ba, ɗayan ya tambayi aji: “Me yake yi?” ko “Me take yi?” Wanda ya amsa sai ya ƙara jimla ɗaya da “kan”, ya faɗi lokacin da shi yakan yi wannan aiki.

AIKIN GIDA

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, wato NECO, wadda aka kafa a 1999, a Minna hedikwatarta take, kuma Hausa na cikin darussan da take jarrabawa a kansu. Wanda ya saba bayyana rayuwarsa ta yau da kullum a rubuce ba zai sha wuya a irin wannan jarrabawa ba. Rubuta insha'i mai sakin layi biyu a kan “Safiya a Unguwarmu”. A sakin layi na farko kawo jimloli takwas da lokaci sabau, ka faɗi abin da aka saba yi a gidanku daga asuba zuwa fitarka makaranta. A na biyu, tsaya a ƙofar gida gobe da safe, ka rubuta jimloli takwas a kan abin da idonka ke gani, shida da lokaci mai ci, biyu da shuɗaɗɗen lokaci irin na “gari ya waye”. Kafin ka miƙa wa malam, karanta wa wani mai jin Hausa a unguwarku, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ya tsayar da kai.